Goron da Ya Riƙe Mini Gona

A shekarun da kuɗin mai suka cika Najeriya, ni ina Kumasi ina sana'ar ɗinki, da matata 'yar Asante da 'ya'ya biyu. Gida kuwa Fakku ne, ƙasar Kebbe, inda mahaifina ya bar mini gona a bakin fadama. Ƙa'idar garinmu ba ta da wuya. Muddin ana biyan harajinka kowace kaka, kai ɗan gari ne ko kana bangon duniya. In aka ji shiru, mai gari ya cire ka daga ƙidaya, gonarka ta koma hannun mai nomawa. Baffana, ƙanen mahaifina, ya yi ta biya mini har ya gaji, sai ya aiko wani direban goro ya gaya mini bana in ba a ga kuɗina ba, gona ta tafi.

Ni ba na tsoron ofis. Na zuba babbar riga na nufi banki. Suka ce baƙo ba ya fitar da kuɗi waje sai da wani izini, wanda har na bar ƙasar ban ga mai shi ba. Ajiyarmu ma da sunan matata take, don ita ce 'yar ƙasa, saboda haka ta je da kanta. Suka tambaye ta haɗinta da wanda za a aika wa, ta ce surukinta ne, suka ce ta kawo takardar aure. Mu da aka ɗaura wa aure a masallacin zango, ina muka ga takarda? Raina ya ɓaci ƙwarai, domin a gida ma auren nan bai samu shiga ba. Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa ambatar sunan matata ba, sai dai ta ce "waccan ta Kurmi".

Matata ce ta samo dabara. Danginta na da itatuwan goro, ta haɗa huhu guda mai kyau, muka ba direban nan. Na ja masa kunne cewa Baffa ya sayar a kasuwar Dogon Daji ya biya haraji. To motarsa iyakarta Tambuwal. Ya miƙa wa wani, wani ya miƙa wa mai jaki, saƙon baka yana ta raguwa a hanya. Abin da ya isa Fakku shi ne ga goro daga matar wane.

A garinmu kuwa goron da ya fito daga wajen mace ba haja ba ne. Baffa ya ce ashe sai yanzu yaron ya tuna ba a raba goron aurensa ba. Ya kwance huhu, aka bi gida gida, har na liman da na mai gari.

Da labari ya iso gare ni, ban tsaya wata-wata ba na kamo hanya, ina ta shirya maganganun da zan gaya wa tsohon nan. Na same shi a zaure yana tufka igiya. Ya bar ni na gama faɗana tas, sannan ya ce, "Kai, zamna. Wa ka cin goron biki ya ƙi kawo gudummawa?"

Ashe duk gidan da goro ya shiga sai da ya aiko da abinsa, mai damin gero, mai kaza, mai 'yan sulalla. Daga ciki Baffa ya biya harajin, har da saura. Mai gari kuma ya faɗa a gaban jama'a cewa wanda gari ya ci goron aurensa bai bar gari ba.

Na shiga cikin gida ina jin kunya da daɗi lokaci guda. Inna ta amsa gaisuwata, ta tambayi hanya, sannan ta jawo wani buhu daga bayan ƙofa, geron gonata ne da aka sussuka.

"Ka kai ma amarya," in ji ta. "Ka ce mata na gonarta ne. In ta tashi tahowa ta taho da jikokina su ga iyakar gonar."