Jar Akuyar Kaka ta Cikin Kwamfuta

Shekaranjiya ina shan shayi 'yar autata ta ɗora mini kwamfutarta a cinya, wai sai na ga wani abu. Wata 'yar kyanwa ce ta zane take yawo a fuskar kwamfutar, ta taka saman wannan taga ta dira a kan waccan, ta zauna tana lasar ƙafa. Yarinyar sai zuba take yi, ita ta zaɓa mata launi, ita ta sa mata hula, kamar a kanta aka fara irin wannan abu. Na ce mata sannu da ƙoƙari. Amma shayin nan ban ƙarasa shi ba, domin kyanwar tana yin kuka na tuna da muryar kakata. Ko in faɗi gaskiya, na tuna cewa na manta ta. Kamanninta suna nan a idona, maganganunta ma zan iya jero muku su, amma sautin muryar ya tafi. Abin da yake ƙona mini rai shi ne, akwai lokacin da muryar nan take hannuna a ajiye.

A ƙarshen shekarun casa'in muna zaune a Alƙahira, unguwar Ma'adi, a hawa na biyar na wani tsohon bene. Baba ƙaramin ma'aikaci ne a ofishin jakadanci, kullum da safe yana kama hanyar Zamalek, inda ofishin yake. Ni kuwa ina yaro ɗan makaranta, Larabcin titi ya fi zama a bakina fiye da Hausa. A wannan lokacin ne aka kawo Kaka, mahaifiyar Baba, daga ƙauyenmu domin a cire mata yanar da ta rufe mata ido biyu. Likita ya yi ido ɗaya, ya ce ɗayan sai an jira wasu watanni jininta ya sauka.

To fa! Ana kwance mata bandeji ta ɗaure kayanta ta ajiye a bakin ƙofa. Ta ce ido ɗaya ya ishe ta ganin alƙibla da ƙwaryar fura, a mai da ita gida. Baba ya yi lallashi har ya gaji. Kowa dai ya san inda gizo yake saƙa: awakinta ne. Ta bar su hannun Gwaggo, ƙanwar Baba, kuma a wajen Kaka hannun Gwaggo ba na kiwo ba ne. Matar da tun tana yarinya kukan akuya ke tashinta da asuba, ga ta an rataye ta tsakanin sama da ƙasa, babu ko kaza. Takan wuni a baranda tana sauraren mai sayar da gas yana buga tukwanensa da ƙarfe, tana cewa gidan nan kurkuku ne aka yi masa labule. Ta rame sosai, har Umma ta fara tsorata.

Wanda ya kawo magani, ba da saninsa ba, Kawu ne, ƙanin Umma, ɗalibi mai karatun addini a can cikin gari. Duk Juma'a yakan hawo jirgin ƙarƙashin ƙasa ya zo cin tuwo. Wata Juma'a ya zo da ɗan faifan nan baƙi mai kusurwa huɗu da muke kira filofi, ya ce a kasuwar Ataba ya samo shi. Muna da wata tsohuwar kwamfuta mai ƙaton ƙeya da Baba ya saya hannu na biyu. Kawu ya zura faifan, ya danna nan ya danna can, sai ga wata 'yar tunkiya fara ta faɗo daga saman gilashin. Ta miƙe, ta kama tafiya a gefen taga, ta kai ƙarshe ta rikito ƙasa, ta kwanta ta yi barci. Ina cikin ihun murna na ji muryar Kaka daga kan darduma.

"Maigida," ta ce, haka take kirana, "dabbar wace ce wannan take yawo ba makiyayi?"

Ta jawo kujera ta zauna, ta rufe mataccen idon da tafin hannu tana kallo. Umma ta ɗan nuna damuwa a kan hoton abu mai rai, Kawu ya gyara zama ya fara bayani cewa haske ne kawai, ba shi da inuwa. Kaka ta ce ya adana karatunsa, ita dai dabbar da ba ta cin dusa kuma ba ta shiga gonar maƙwabci ba ta ga laifinta ba. Aibi ɗaya ta gano: wannan ba dabbar kirki ba ce, curin auduga ne aka yi wa ƙafa, ko wuya babu. Da akuya ce da an yi magana.

Kawu ya nuna mini inda aka tara ƙananan hotunan tunkiyar. Ashe ba wani siddabaru ba ne, hotuna ne jere, wannan ta ɗaga ƙafa, wannan ta sauke, wannan ta kwanta, kwamfuta tana nuna su bi da bi. Ya ce in ka sake hotunan ka sake dabbar. Daga ranar muka samu sana'a, ni da Kaka.

Lokacin sanyi ne, sanyin Alƙahira mai ratsowa ta tayil ya kama ƙashi. Ina dawowa makaranta zan tarar ta riga ta zauna gaban kwamfuta cikin bargo, ga shayi da na'ana'a yana tururi. In buɗe hoto ɗaya a wurin zane, in ƙara masa girma har ya koma 'yan murabba'ai kamar saƙar tabarma, in riƙa cike su ɗaya bayan ɗaya. Ita ce mai umarni. Ja take so, irin jan uwar garkenta ta gida, da farin tabo a goshi. Na aske gashin, na ja wuya, na fitar da ƙaho. Da na bar wutsiya tana reto sai ta dungure mini kai, ta ce kaico da jikan da bai san wutsiyar akuya sama take kallo ba, Masar ta cuce ni. Daga ƙarshe ta sa na tsaga kunnen hagu, shaidar dabbobin gidanmu tun zamanin uwarta. A hoto ɗaya na manta ban tsaga ba, sai kunnen ya riƙa haɗewa yana buɗewa in akuyar tana tafiya. Ni mai ido biyu ban lura ba, ita ta gano.

Sai kuma dokoki suka biyo baya. Ba a kashe kwamfuta akuya tana yawo, kuma ba a barin dabba a waje magariba ta yi. Dole na zana turke a kusurwar ƙasa, ana fara kiran salla in kamo ta da maus in kai ta wurin, sannan a kashe. Baba ya yi ta dariya, amma na sha kama shi, in ya gama buga takardunsa, yana jan akuyar zuwa turke yana waige. Ran da na gano cewa in ka sake danna ta wata za ta faɗo, Kaka ta yi guɗa ƙasa-ƙasa ta ce ta haihu. Nan take ta fara rabo, wannan ta maigida, wannan ta Umma, wannan ta Kawu ko ya samu na aure. Muka cika gilashin da jajayen awaki har kwamfutar ta riƙa nishi ta ƙi motsi. Baba ya ce khalas, wato ya isa haka, a rage su. Kaka ta goyi bayansa, ta ce garke in ya fi ƙarfin wuri cuta ke shiga.

Ban san ranar da aka kwance ƙullin kayan nan na bakin ƙofa ba. Na dai wayi gari ba ya nan.

Saura abu ɗaya: kuka. Akuyarmu tana buɗe baki kukan tunkiya ke fita, Kaka ta ce wannan abin kunya ne. Kawu ya aro makirfo, ya ce shi ma kukan ana iya musanya shi. Ku sani, Kaka ba ta yarda a ɗauki muryarta. Zamanin da ake aika saƙo gida a kaset, kowa ya yi magana ban da ita, ta ce ba ta zance da wanda ba ta gani. Saboda haka ni na fara gwadawa, ta ce kamar jariri mai ciwon ciki. Kawu ya gwada, ta ce shi kuma har da tajwidi. Haushi ya sa ta fizge makirfon, ta miƙa wuya, ta saki wani kuka mai tsawo da karkarwa a ƙarshe, wallahi da kana bayan ƙofa sai ka nemi igiya. Tana ɗagowa ta ga Umma tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, baki buɗe, tana kallon surukarta. Kaka ta fashe da dariya, ta ce, "Allah ya shirye ku!" Kawu bai tsayar da ɗauka da wuri ba, duk abin ya shiga.

Ya so ya yanke ƙarshen, na hau bori na hana. Haka akuyar ta zauna. Ta yi yawonta, can sai ta tsaya ta yi kuka, kukan ya ƙare da dariyar Kaka da addu'arta. In baƙi suka zo abin ya tashi, sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce aikin maigidanta ne, ba ya ganin girmanta.

Da zafi ya fara shigowa aka yi ido na biyu, aka dace. Ana gobe za ta tafi ta ce ina akuyarta. Kawu ya kwafe komai, hotuna da murya, ya zuba a filofi. Na miƙa mata ina ta ja mata kunne kamar wani babba: kada ƙura ta shiga, kada ruwa ya taɓa, kada gara ta samu hanya. Ta saurara da kyau, ta karɓa da hannu biyu.

"Kiwo ka ba ni ke nan," ta ce. "Ni ma zan ware maka 'yar uwar garke. Kowa ya riƙe amanar ɗan'uwansa."

Shekara ta zagayo kwamfutarmu ta mutu. Mai gyara ya tashe ta, amma ya share duk abin da ke ciki, ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri. Ban wani damu ba. Ai akwai kwafi a wajen Kaka, kuma ita kanta mai muryar tana nan da ranta. Na girma, wasu abubuwan suka ɗauke mini hankali. In muka je gida hutu takan ce dabbata tana nan lafiya, in yi dariya in wuce. Babu kwamfuta a ƙauyen, ni kuma gani nake kullum akwai gobe.

Ina jami'a a Alƙahira aka bugo waya da rana tsaka aka ce ta rasu. Kafin mu isa an daɗe da rufe ta. Bayan an watse daga zaman makoki Gwaggo ta kira ni ɗaki, ta ciro wani abu daga ƙasan kwallar Kaka ta ce an bar mini wasiyya. Jar fata ce mai kusurwa huɗu, an ɗinke ta tsaf kamar laya, har da maratayi. Gwaggo ta ce Kaka da ƙafarta ta je wurin baduku, ta gaya masa dabbobin jikanta ne a ciki, ya rufe yadda ƙura da ruwa da gara ba za su samu hanya ba. Da ya gama ta girgiza ta ji abin yana motsi a ciki, sai ta ce a'a, dabbar amana ɗaure ta ake yi. Ta sa ya huda tsakiya da basilla, ya ratsa zare ta gaba ya fito ta baya, ya ƙulle tam.

Na juya abin nan a hannuna, na ga zaren inda ya shiga da inda ya fita. Duk abin da na lissafa mata ta kiyaye, babu wanda ta bari. Allura ce kawai ban ambata ba, don bai taɓa zuwa raina ba. A nan na yi kukan da ban yi ba a bakin kabari.

Duk da haka na koma da shi Ataba, na yi ta hawa da sauka a benayen masu gyara har na samu wani dattijo da yake da injin karanta filofi. Ya farke gefe ɗaya a hankali, ya zaro faifan, ya ɗaga shi sama. Haske yana fitowa ta hujin. Ya gwada don ya faranta mini, injin ya yi ƙara ya yi shiru. Ya miƙo mini da fatar ya ce Allah ya jiƙanta.

Yau ga shi kowa yana yawo da abin ɗaukar murya a aljihu. 'Ya'yana suna da muryata fiye da yadda suke bukata, har da wadda nake yi musu faɗa. Kyanwar 'yar autata kuwa da danna ɗaya take sake launi, babu mai zama cikin bargo yana cike murabba'i, babu mai dungure wa wani kai a kan wutsiya. Da na ba yarinyar wannan labari ta ce in kwaikwayi yadda Kaka ta yi. Na gwada. Abin da ya fito muryar wani ƙato ce yana kukan akuya, yarinyar ta yi ta dariya, ni ma na taya ta don kada ta ga idona.

Ita dai Kaka ta cika alkawari. 'Yar uwar garken da ta ware mini ta hayayyafa, jikokinta suna nan a gidan Gwaggo, jajaye, kowace da tsagaggen kunnen hagu. Duk sanda na je gida nakan tsaya a bakin turken da magariba, lokacin da ake shigo da su, in kasa kunne. Kuka suke yi mai kyau, mai tsawo, da karkarwa a ƙarshe, daidai yadda ta koya mana. Sai dai babu wadda take ƙarasawa da dariya.