Ƙwaryar da Goggo Ta Miƙo Mini

Ina tankaɗe a tsakar gidanmu na Ƙofar Ran, da hantsi, mai kawo mana nono ta yi sallama. Daga ƙauyen Inkil take zuwa, inda Goggo, yayar mahaifina, take zaune. Kullum da tsokana take shigowa. Ran nan kuwa sai ta sauke kayanta ta zauna a ƙasa.

"Sai haƙuri," ta ce. "Goggo ta cika jiya da la'asar. An kai ta kafin magariba."

Na yi salati. Amma abin da ya fara faɗo mini a rai, har yau ina jin kunyarsa: to, mafarkina fa, wa zan faɗa wa?

A danginmu ba a faɗin mafarki sai Goggo ta fara ji. Takan ce fassarar farko ita ke kama mutum, don haka kada ka ba wa mai saurin baki. Aike ma ba ta karɓa, sai ka taka da ƙafarka har Inkil. Kana zama za ta turo maka tiren gyaɗa ta ce, "Ɓara kana faɗi." Mahaifina yakan ce dabara ce kawai ta samun masu ɓarar gyaɗa, amma shi ma yana zuwa.

Mafarki uku ne a wurinta: na Allah, na Shaiɗan, da na tuwo. Wata rana mahaifina ya je hankali tashe, wai ya ga haƙoransa duk sun zube, lalle mutuwa ce za a yi.

"Me ka ci kafin ka kwanta?" in ji Goggo.

"Rake ne, sanda biyu kacal."

"Kai, tashi ka ba ni wuri! Da girmanka. Wannan ko na tuwo bai kai ba."

Muka yi ta dariya, shi ma har da riƙe ciki. In kuwa ta ga maganar mai nauyi ce, ba ta saurin fassara. Tambaya ɗaya take yi: "Da ka farka, ƙirjinka ya yi nauyi ko ya yi sakayau?" In nauyi ne, ka yi sadaka ka ja bakinka. In sakayau ne, sai ta ce, "To, abin nan da kake ta jinkiri a kai, je ka yi."

A lokacin saura shekara biyu a ba mu mulkin kai. An buɗe ajin koyon karatu na matan aure a wani gida a unguwarmu, aka ce ranar Asabar za a rufe ɗaukar suna. Maigidana tela ne, bai hana ni ba, cewa ya yi ma zan riƙa rubuta masa awon riguna. Ni ce nake tsoro. Ina da 'ya'ya biyu, ga maƙwabta har sun fara kirana malama don ba'a. Na yi ta roƙon Allah ya nuna mini hanya.

Sai na yi mafarkin. Na ga Goggo ta miƙo mini ƙwarya rufe da sabon faifai, tana dariyar nan tata da ke bayyana wushiryarta. Na sa hannu biyu na karɓa, na ji nauyinta. Kafin in ɗaga faifan aka kira sallar asuba. Kwana uku na riƙe mafarkin a cikina, ko maigidana bai ji ba, ina jiran Alhamis in tafi Inkil. Ranar Laraba mai nono ta zo da labari.

Na tafi ɗin ranar Alhamis, amma zaman makoki. Abin mamaki, rabin zaman dariya ne. Kowace mace da irin fassarar da Goggo ta yi mata. Wata tsohuwa ta ce ta taɓa mafarkin tana tashi sama kamar shirwa, Goggo ta ce ta sauko tukuna ta shirya da surukarta.

Da na shiga ɗakin Goggo na tarar da tiren a gefen gado, da sauran gyaɗa a ciki. Na zauna na jawo shi, na fara ɓara. Hannuna na aiki, tambayarta ta zo mini da muryarta: "Ɗiyata, nauyi ko sakayau?"

Sakayau ne. Na san haka tun ranar da na farka, so nake kawai in ji daga bakinta.

Ranar Asabar na yafa mayafina na je aka rubuta sunana. Da karatun nan nake wannan rubutu, kuma nan ne karo na farko da mafarkin ya fita daga cikina. Na sha ganin Goggo a barci bayan nan, lafiya lau, wani lokaci tana yi mini faɗa. Ba ta sake kawo ƙwaryar ba. Har yau ban san abin da ke cikinta ba.