Ciyaman a Ƙofar Bukkarmu

Da na ga shanunmu sun dawo a guje da hantsi, na san ba lafiya ba. Baffa ya ce sun faɗa gonar wani ta hanyar Bauranya, ga shi ba a yanke dawa ba. Kafin azahar mutane sun kewaye rugarmu da sanduna. Ni da Inna muna cikin bukka, warin fetur na shigo mana, na ƙanƙame zanenta.

Yau shekara guda da rasuwar tsohon ciyamanmu na ƙaramar hukuma, shi ya sa abin ya dawo mini sabo. Shi kaɗai ya zo ran nan, ba jiniya, ba ɗan sanda. Ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa daidai ƙofar bukkar, don shi ba ya sasanci a tsaye.

"Kai mai jarka, in za ka kunna, fara da rigata," in ji shi. Ya juyo wajena. "'Yata, dama mini fura, ban karya ba."

Na dama a ƙwarya na miƙa masa. Ya sha, ya miƙa wa mai gonar. Mutumin ya daɗe yana kallon ƙwaryar, sannan ya tsuguna ya karɓa.

Da la'asar ya leƙo ya ce, "Ku fito, 'yata, ba mai taɓa ku."

Allah Ya jiƙansa, Ya ba shi aminci ranar da kowa ke cikin tsoro.