Kunun da na sha a tsakiyar teku

Ɗazu jikata tana soya garin masara a kicin ɗinmu na Malali, ƙamshin ya mayar da ni farkon shekarun saba'in.

Ina amarya aka tura maigidana kwas Ingila. Muka bar Kaduna a jirgin ƙasa, daga Ikko muka hau na ruwa. Teku ba ta karɓe ni ba, duk abin da na ci sai ya dawo. Na rame har Malam ya tsorata.

Da jirgin ya tsaya a Las Palmas, wani gari a kan tsibiri, wata tsohuwa mai rumfar abinci ta ƙare min kallo. Ba ma jin yaren juna. Ta dama soyayyen gari da madara mai zafi, ta miƙo min.

Malam ya ce, "Binta, dakata mu san ko mene ne."

Na kurɓa, na ce, "Malam, ai kunu ne. Ashe har tsakiyar teku ana damu."

Na shanye, na miƙa kwanon a ƙaro. Tana dariya ta ƙulla min garin, shi ya riƙe ni har muka sauka.

Har yau ina yi mata fatan alheri. Ku fa, wane abinci ya taɓa cetonku a baƙon wuri?