Baitin da Baraka Ba Ta Miƙa Ba

Inna Lami mai daddawa ce a wani ƙauye da ke gefen Beli. Ran kasuwa Musulmi da Kirista duk gaban faifanta suke tsugunawa, amma a majami'ar ƙauyen ba da daddawa aka san ta ba. Tun wajen 1983 ita ke koya wa yara waƙa. Ba ta da littafi. Tulu gare ta, wanda take buga bakinsa da tafin hannu, sai wani tsohon caki da yaran ke faɗa a kansa.

Duk yammacin Asabar, in an dawo da awaki, sai su taru gindin ɗorawa bayan majami'a. Ba ta korar kowa saboda murya. "Kai Liti, muryar nan taka ko kwaɗo ya ji sai ya sarara," in ji ta, sannan ta jawo shi kusa da tulun don ya riƙa jin kiɗan a jikinsa.

Tsarinta ɗaya ne. A doguwar waƙar godiyar kaka, wadda ita ta tsara, kowane yaro da baitinsa. Shi zai bayar, sauran su amsa. Baitin nasa ne har ya girma. In murya ta fashe, ko za a tafi makarantar kwana, mai baiti shi ke zaɓar ƙaramin da zai bar wa, ya koya masa da bakinsa. Lami ba ta sa baki. Haka baitin dawa ya zaga ƙauyen, na gyaɗa kuwa ya ƙi barin gida ɗaya.

A bazarar 1996 sanƙarau ya ɗauki Baraka, 'yar Hannatu, tana da shekara tara. Ita ce mai baitin ruwan shuka, kuma ba ta bar wa kowa ba.

Da aka koma koyo, waƙa ta tafi lafiya har wurin Baraka, sai yaran suka tsaya. Lami ta ci gaba da buga tulu. Ba wanda ya buɗe baki, alhali duk sun haddace baitin. Ta ce su tsallake. Suka tsallake, amshin da ke biye ya karkace, don daga bakin Baraka suka saba ɗaukarsa. Fasto ya ce ta ba wata yarinya kawai. Ta ce to, amma ba ta yi ba. In ita da kanta ta ba wata baitin, yaran za su rera don biyayya, baitin ba zai zauna ba. In ta cire shi, ta shafe yarinyar daga waƙar a gaban uwarta.

An fara yankan gero lokacin da Lami ta je gidan Hannatu. Ta same ta tana sussuka. Bayan gaisuwa da tambayar haƙuri, Lami ta ɗauki taɓarya ta taya ta.

"Hannatu, wurin 'yarki na nan a buɗe. Yaran sun ƙi shiga."

"To Inna, ni me zan yi? Ban iya waƙa ba."

"Wannan kowa ya sani. Ba rerawa za ki yi ba, zaɓa za ki yi."

Hannatu ta kusa yin dariya. Ta ci gaba da daka, sannan ta ce, "A gida ba yadda kika koya mata take yinsa ba. Tana jan ƙarshen."

"Na sani. Na yi faɗa har na gaji."

"To wadda zan ba, da jan za ta ɗauka."

"Wannan tsakaninki da ita."

Hannatu ta zaɓi Kande, 'yar maƙwabta mai shekara shida, wadda ko gaisuwa sai an matsa mata. Da la'asar yarinyar kan zo, Hannatu ta zaunar da ita kan turmi, ta faɗa mata kalmomin, ta nuna mata inda ake ja, da muryar tata da ba ta taɓa hawa daidai ba.

Ranar godiya aka jera dammunan dawa da kabewa a gaban majami'a. Da aka zo baitin ruwa, Kande ta bayar da 'yar siririyar murya, ta ja ƙarshen har ya wuce kiɗa. Lami ta ɗaga hannu daga bakin tulun, ta jira ta. Sannan amshi ya shigo, daidai.

Lami ta ci gaba da daddawarta da koyarwarta har ganinta ya raunana. Kafin nan Kande ta girma ta miƙa baitin, wanda ya karɓa ma da jan ya karɓa, kuma Lami ba ta ƙara gyarawa ba.