Ƙanƙarar Kaka

Wata Alhamis ce a farkon damina, zamanin mulkin soja, ina 'yar shekara bakwai, sama ta yi abin da ban taɓa gani ba a Malanville. Muna kwashe albasar da aka shanya a tsakar gida sai hadari ya taso daga wajen Gaya, baƙi ƙirin. Kafin mu ankara wasu fararen duwatsu suka fara zubowa, suna dukan kwanon rufi har ba ka jin maganar na kusa da kai. Awaki suka tsinke igiya, kaji biyu suka mutu nan take, Inna na salati tana kifa mana ƙwarya a ka. Can daga ɗaki sai Kaka, wadda zazzaɓi ya kwantar kwana tara, ta ɗaga murya: "Ƙanƙara ce! Ku tsinto mini in sa a baki, ko ƙirjina ya yi sanyi."

Ni na fita tsinta, duwatsun na dukan bayana, yatsuna sun ƙage don sanyi, har na cika kwanon sha na rufe da faifai. Ban kai ƙofar Kaka ba Inna ta daka mini tsawa in bi awaki kada su faɗa gonar mutane. Sai na damƙa kwanon a hannun Garba, ɗan goggona, taubashina, wanda ke zaune gidanmu yana ajin ƙarshe a lakwal, wato makarantar boko. Na ja masa kunne kada ya kai mata, ni nake so in miƙa da hannuna. Awakin nan sun ja ni har bakin gulbi. Da na dawo rana ta buɗe, na ɗaga faifai, sai ruwa tsululu, ko ƙwaya ɗaya babu. Garba ya dube ni, ya lashe baki, ya ce, "Na canye, na zuba miki ruwan randa. Mi za ki yi, baiwata?"

Kaka ta sha ruwan ta sa mini albarka, bayan kwana uku ta rasu. A lissafina Garba ne ya kashe ta, shi ke nan. Na tsane shi, wallahi na tsane shi, ko tarinsa na ji sai raina ya ɓaci. Na yi ta kai masa tuwo ina durƙusawa kamar ba komai. Ai an ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Saura mako guda jarrabawar sartifika, na kwashe littattafan da ya cika da rubutun shekara guda, na cusa su ƙarƙashin kayan wanki, na ɗaure su da dutse, na bai wa gulbi. Ya birkice gidan nan yana kuka da majina, ƙato da shi, ni kuwa ina dakan gero ina waƙa. Ya faɗi jarrabawa, ubansa ya zo ya tafi da shi, aka sa shi lodin albasa a tasha. Ranar na ci tuwo har da ƙari.

Sai bayan shekara biyu wani mai shago ya fara sayar da ƙanƙarar inji a kasuwa. Na sayi ɗan gutsure, na ƙulle a bakin zane don in nuna wa Inna. Kafin in iso gida zanena ya jiƙe sharkaf, na kwance ƙullin, ba komai. Na tsaya a tsakiyar hanya kamar an dasa ni. Ashe narkewa take! Ashe wasan taubasai ne kawai ya yi mini, kuma da na bar shi ya kai, da Kaka ta sa ƙanƙararta a baki.

Yau kowace kwana akwai yarinya mai ƙanƙara a leda, jikokina ma sun san ƙanƙara ba ta jiran kowa. Garba ya tsufa, lodi ya tanƙwara masa baya. In ya zo gaisuwa yakan ce, "Baiwata, har yanzu kina bi na ƙanƙara?" Wani sa'in in ce a raina, shi ma wa ya aike shi ya yi wasa da abin mara lafiya? Sai in zuba masa ruwan sanyi a kwano, in miƙa da hannu biyu. Har yau bai san inda littattafansa suke ba.