Hannun Mai Walda a Layin Jami'a

Daga tagar ofishin ba da shawara kan karatu, malamar ta kasa ɗauke ido daga kan wani dattijo. Layi biyu ne a zauren, na masu neman jami'a da na kwalejin koyon sana'a. Shi yana na jami'a, cikin riga mai karin guga wadda da gani ba ta saba da jikinsa ba. Idanunsa jajur, bayan hannunsa duk tabon tartsatsi. Mai walda ne, ba sai an faɗa mata ba.

Ɗansa na gefensa, amma hankalinsa ba ya layin. Ya sunkuya yana shafa ƙafar wani bencin ƙarfe, daidai inda aka haɗa ta.

"Baba, dubi aikin nan. Wallahi ba zai yi wata ba."

Dattijon ya buge masa hannu. "Tashi, don Allah! Na ƙone idona ne don kai ma ka ƙone naka?"

Malamar tana ayyana shekarun da mutumin nan ya yi a tsugune gaban wuta, yana hango ɗansa a kujera ƙarƙashin fanka. Ta kuma san masu digiri nawa ke dawowa tagar nan suna tambayar inda ake koyon sana'a.

Layi ya matsa. Uban ya kamo hannun ɗan ya riƙe gam. Shi bai duba ba, amma ita ta gani: a bayan hannun saurayin akwai ƙunar tartsatsi, sabuwa, ko bushewa ba ta yi ba.